Fatar da Aka Dasa wa Maigidana Ta Ƙi Kamawa

Assalamu alaikum Anti Hawwa. Don Allah ki taimake ni, abin nan ya hana ni sukuni. Maigidana manomin rani ne a wajen Bunkure. Yana zuba wa injin ban ruwa fetur wuta ta tashi, ta ƙone masa ƙwauri. A Kano likitoci suka yanko fata daga cinyarsa suka dasa a wurin, suka ce ya huta. Da muka dawo gida wurin ya yi ja, ya ɗan kumbura, ga dashen shinkafa ya zo, shi kuwa mutum ne da bai iya zama ba. Tausayi ya kama ni, na karɓo masa haɗin ƙwayoyin gajiya a kemis, irin wanda 'yan ƙwadago ke sha, na ce masa na asibiti ne. Kumburin ya sauka, har yana sa mini albarka. Sai ya ɗaure ƙafar da leda ya shiga ruwa. Yanzu fatar ta yi baƙi tana saɓulewa. Ya ce likitan ne bai iya aiki ba, ba zai koma ba. Ni kuwa zuciyata na ce mini ƙwayoyin nan ne. Wallahi na yi da-na-sani, ko kallon ƙafar ba na iyawa.

Maman Salim, Bunkure

Wa alaikumus salam Maman Salim. Na tambayo miki wata likita. A jini akwai ƙwayoyin garkuwar jiki, su ke fara isa ga rauni. Su kashe ƙwayoyin cuta, su kwashe mataccen nama, sannan su taimaka sababbin jijiyoyin jini su shiga fatar da aka dasa, kamar yadda dashen shinkafa ke kafa saiwa. Ɗan ja da kumburi sau da yawa aikinsu ne. Irin haɗin da kika saya kuwa akan sa masa maganin da ke kwantar da ƙwayoyin garkuwar, sai kumburi ya sauka amma fatar ta kasa kamawa.

Kin yi kuskure, amma tausayi ne ya ja ki. Shi ma da ya kai ɗanyen rauni ruwan gona da leda, ba shi da bakin zargin kowa. Sai dai yanzu ba lokacin rabon laifi ba ne. Muddin yana ganin laifin likita ne ba zai koma ba, kuma ke kaɗai ke riƙe da maganar da za ta mayar da shi.

Ki faɗa masa yau. Ku tafi asibiti da ragowar ƙwayoyin, likita ne zai tsara yadda zai daina sha, don ba a yanke su farat ɗaya. Zai yi fushi, ki daure. Gara ya yi fushin yana tsaye da ƙafarsa. Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya.