Kwanar da Ba Ka Karya Ba, Yaya

Aikin farko yau: juya Baba zuwa ɓarin dama, canza masa zanen gado.

Zuwa ga Yayana Auwalu, a Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Mu nan Gubuchi sai godiya. Ruwa ya zauna, masara ta yi goyo, raken fadama ya yi kyau bana. Baba yana nan yadda ka ji labari, ɓarin jikinsa bai dawo ba tun da ya shanye bara da kaka. Yadda ka ji labari na ce, domin ba ka gani ba.

Na rubuta maka a nan, a shafina, gaban mutane, saboda ba ka ɗaukar waya. Na rubuta na goge, na sake rubutawa. Har yanzu ban tabbata daidai nake yi ba. Ka san ni, ko gishiri zan saya sai na koma na sake tambayar kaina. Amma wannan karon zan bar ta.

Zan yi maka maganar tseren keke. Na san ka fara murmushi.

Ka tuna yadda na kamu da shi. Na je Ikara sayen maganin feshi, ruwa ya tsare ni a gidan kallon Ɗanliti, lokacin an tafi hutun ƙwallo. Yana ta canza tasha sai ga Turawa a kan kekuna, sun cika titi, suna hawan wani dutse mai ƙanƙara a ka. Samari suka hau ihu a canza. Wani ya ce, “Waɗannan kuɗin fetur ne ba su da shi?” Aka yi dariya aka watse. Ni na kasa tashi. Na ga mutum ya miƙe tsaye kan feda, bakinsa buɗe, yana lilo da keken hagu da dama, na ji cinyoyina sun tuna wani abu.

Tun daga nan nake bi. Na Italiya da bazara, na Faransa tsakiyar damina, na Sifen dab da kaka. Na san ƙungiyoyi da launin rigunansu. Na san wanda ya iya hawa da wanda sai a shimfiɗaɗɗiyar hanya, na san mai tsoron gangara. Turancin masu sharhi rabi nake kamawa, sauran ƙafafu ke gaya mini. Mako uku ake yi ana tsere, ni kuma mako uku nake tsara shiga gona da buɗe shago don in samu ƙarshen kowace rana, wajen la'asar.

Zuwanka na ƙarshe, da Babbar Sallar bara kafin Baba ya kwanta, ka same ni a ƙofar gida da waya a hannu. Abokanka na birni suna tsaye. Ka ce, “Ku ga ƙanina. Ya gama sakandare don ya kalli ƙarti cikin wandon roba. Sani, in keke kake so ka je kasuwar Makarfi, ga su can da lodin rake, kallo kyauta.” Ka sa mini suna Sani Feda. Kai ka shiga mota ka tafi, sunan ya zauna. Yanzu har masu zuwa sayen taki da shi suke sallama.

Ka manta wa ya taka fedar. Keke ɗaya Baba ya saya mana zuwa makaranta. Kai ne babba, amma ni ke tuƙi, kai kana kan kariya da littafi buɗe, don Baba ya ce kada a gajiyar da mai karatu. Shi ya sa ban sha wuyar gane 'yan tseren da aikinsu kawai su tare wa gwanin ƙungiya iska ba, su koma baya su ɗebo masa ruwa, in tayarsa ta yi faci su ba shi tasu. Ba a ba su kofi. Ranar farko da na gan su na gane su.

Bana Baba ya fara kallo da ni. Ba don yana so ba, kwanciya ce ta ishe shi. Nakan jingina shi da filo kusa da taga inda sabis ke kamawa, in riƙe masa wayar. Babban gungun 'yan tseren shi garke yake ce musu. “Garke ya iso ruwa?” “Wa ya faɗi a garke?” Bakinsa ya karkace, magana da ƙyar, amma ina ganewa. Shekara arba'in ina gidan nan, ban taɓa zama da shi kafaɗa da kafaɗa muna kallon abu ɗaya ba sai a watan nan.

Wanda yake so shi ne wanda ya ɓalle ya yi gaba shi kaɗai. Duk ranar da wani ya yi haka sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna. “Ga Auwalu can.” Na yi masa bayani cewa garken ne ke sakar masa igiya da gangan, sun san ƙarfinsa, dab da ƙarshe za su haɗiye shi. Haka kuwa ake yi kusan kullum. Ranar da aka kama wani saura ƙiris ya kai layi, Baba ya dube ni ya ce, “Hassada ce. Irinka ne suka bi shi.”

Na ci gaba da riƙe masa wayar. Na saba.

Sai wata rana wani ya fita daga garke, babu wanda ya bi shi. Ya yi gaba kaɗan, ya shiga wani ƙaramin ƙauye mai coci a tsakiya, ya taka burki a bakin hanya. Ga wata tsohuwa, ga mace da jariri, ga wani dattijo da sanda. Ya ajiye ƙafa ɗaya a ƙasa ya rungume su. Garke ya iso, ya wuce, shi kuma ya hau kekensa ya bi su.

Baba ya ce, “Faci ya yi?”

Na ce a'a, tsohuwar al'adarsu ce. In hanyar tsere ta bi ta garin mutum, yakan nemi izinin manyan garke, su bar shi ya yi gaba ya gaida gida. Ba wanda zai ci amanarsa ya ƙara gudu a lokacin. Baba ya daɗe yana kallon wayar. Ya ce, “Ashe suna da tarbiyya.” Ya sa na mayar masa da wurin baya, ya sake kallo, ya sake. Can ya ce, “Shi Auwalu hanyarsa ba ta biyowa ta nan. Shi ya sa.”

Na ce haka ne, Baba.

Ba a yi mako ba Malam Tanimu mai rake ya yi sallama. Ka san shi, yana da rumfa a Tashar Yari, daidai kwanar da ake karyawa a bar titin Kano a shigo Makarfi. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce saƙo ya kawo. “Alhaji Auwalu ne ya tsaya a wurina ranar Juma'a, za shi ɗaurin aure Kano. Ya sayi rake da mazarƙwaila cike da but ɗin mota. Ya ce in na shigo gari in gaishe ka da jiki.” Ina ta ƙifta masa ido, bai gani ba. Bawan Allah murna yake, ya kawo gaisuwar ɗa ga uba. Ya ƙara da cewa, “Da zai koma ran Lahadi ma ya yi mini hon.”

Yaya, ka tsaya. Abin da ya kasa fita daga raina ke nan. Da wucewa ka yi da gudu, da na ce sauri ne. Ka taka burki, ka fito, ka yi ciniki, ka ɗanɗana rake ka tofar da tuka a ƙasar da aka binne cibiyarka. Daga nan zuwa gadon Baba ko shayi ba zai huce ba. Ka ba mai rake gaisuwar ubanka kamar canji.

Da Malam Tanimu ya tafi na kawo koko. Baba ya kau da kai. Na kai cokali bakinsa, ya ce, “Kai ka hana shi.” Na ce ta yaya? Ya ce, “Kunya yake ji ya shigo da baƙi ɗaki yana wari. Ba ka iya wanki ba.” Da safen nan na wanke shi, hannuna bai daina ƙamshin sabulu ba. Sannan ya faɗi wadda ta fi, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya don kada in kasa ganewa: “Da zaɓi aka ba ni, shi ne a nan, kai a can.”

Na ajiye cokalin na ce, “Baba, sau biyu ya wuce. Zuwa da dawowa.”

Na ga inda ta same shi. Ban janye ba. Har yau ina auna maganar, wani lokaci in ga ta yi nauyi, wani lokaci in ga gaskiya ce kawai ba gishiri. Amma kai ka ɗora mini ita a baki.

Tun ranar ya juya fuska bango. In na kawo waya sai ya ce, “Ɗauke garkenka.” Abu ɗaya tak da muka taɓa haɗawa ni da shi, ka karɓe shi daga nesa, ba ka ma san akwai shi ba. Ranar da aka hau dutse mafi tsawo, ranar da nake jira tun bara, a zaure na zauna na rage murya. Mai riga ruwan ɗorawa, wato wanda ke kan gaba a tseren, ya kai farmaki, jama'a sun cika hanya suna ihu a kunnensa. Ni kunnena yana ɗaki, ina sauraron numfashi.

Shekaranjiya na kai shi wurin likita. Ya duba, ya ja ni gefe, ya ce mu koma gida, duk abin da yake so a ba shi. Ba ya son nama, ba ya son fura. Ka san abin da yake so.

Akwai wata doka a tseren da ban gaya wa Baba ba. Kowace rana akwai wa'adi. Wanda ya iso bayan wa'adi, ko ya tsallake layi, ko yana kuka, ko jini na zuba a gwiwarsa, an cire shi. Ba a sauraron uzuri. Mu ma nan haka muke, ka sani. In Allah ya yi ikonsa da hantsi, kafin azahar mun dawo daga maƙabarta. Ba zan roƙi liman ya jira motar Abuja ba. Ba zan kira ka ba, na gama kira. A shafin nan za ka gani tare da kowa, ka rubuta Allah ya jiƙansa a layi ɗaya da mutanen da ba su taɓa ganinsa ba. In ka zo zaman makoki da babbar riga, zan shimfiɗa maka tabarma, in nuna maka inda baƙi ke zama.

Na karanta abin da na rubuta yanzu. Ban goge ba.

Yaya, na san ba ƙiyayya ba ce. Tsoro ne. Lokacin jinyar Inna ma bakin ƙofa kake tsayawa, ka yi gaisuwa kana kallon ƙasa, ka ce za ka je neman magani. Ba ka iya ganin babba ya koma ƙarami. Ni ma ban iya ba, koya na yi, kuma kullum da safe sai na sake koya. Baba ya rame. Hannun da yake ɗaga buhun taki yanzu ni nake buɗe masa yatsu in wanke tsakaninsu. Za ka tsorata in ka gani. Ka zo ka tsorata a nan, kusa da ni.

Ban manta ranar da zazzaɓi ya kama ni a makaranta ba. Ka ɗora ni a kariya, ka ɗaure ni a bayanka da rigar makarantarka don kada in faɗi, ka taka har gida cikin ruwan sama. Ba ka saba ba, muka kifa cikin gonar rake, ka tashi kana zagin keken kana share mini laka a fuska. Wannan yayan nake rubuta wa. Ban san ko yana nan ba. Ina kewarsa, kuma ina jin haushin kaina da nake kewarsa.

Ba na neman ka kwana. Ba na neman ka wanke komai, ko ka kawo komai. In ka zo zai manta da ni gaba ɗaya, zai riƙe hannunka ya ce ga ɗansa, ni kuma in fita in ɗebo muku ruwa. Na yarda. Ka karya kwanar kawai. Ka shigo ɗakin, ka durƙusa, ka ce Baba ya jiki da bakinka.

Allah ya ba Baba sauƙi, in tafiya ce ya sa ya cika da imani. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta. Allah ya kare ka a hanya, ya sassauta zuciyarka, ya sassauta tawa, don ita ma ta fara ƙeƙashewa kuma ina jin ta. Amin.

Ƙaninka,
Sani, daga Gubuchi.

Na gobe, in Allah ya kai mu:
Shanya katifa in rana ta fito.
Ƙarasa zuba taki a gonar bayan gida.
Karɓo sauran magani a Makarfi.
Yi wa Baba aski da gyaran gemu, ya ce kada baƙo ya same shi haka.
Kwashe itacen ƙofar gida daga inda mota za ta iya tsayawa.