Fiton Uwar Yon-ju

Talata, 10 ga Oktoba

Yau aka sa mini su, na'urorin ji. Ƙanana ne kamar ƙwayar wake, ɗaya a kowane kunne. 'Yata Yon-ju ce ta aiko da su daga Busan, ta ce ba zai yiwu ta haifa mini jika ba in mutu ban ji kukanta ba.

Yarinyar shagon da ke sayar da su ta ce in yi magana. Na ce, "To." Sai na ji wani tsoho ya ce "To" a tsakiyar kaina, da murya irin ta bunsuru mai mura. Har na waiga. Ashe ni ne.

Shekara talatin na yi a ɗakin injin jirgin kamun kifi, injin ya cinye kunnuwana, yau shekara ashirin ke nan ina ganin bakunan mutane suna motsi kamar kifi a kwano. Malama Hyun ta ajin yamma, inda na koyi rubutu ina ɗan shekara sittin da shida, ina kujerar gaba ina bin allo da ido, ta ce duk abin da ya ba mutum mamaki ya rubuta shi kafin ya saba. To ga shi: leda tana da murya. Daga birni har ƙauye ina murza ledar magani a cikin bas ina dariya. Matata, Uwar Yon-ju, ta koma wata kujera.

Laraba, 11 ga Oktoba

Firij yana gurnani dare da rana, ba wanda ya taɓa gaya mini. Takalmina yana ja a ƙasa. Ina tauna kabejin tsami kamar doki yana cin kara. Shekara ashirin matar nan tana zaune gabana ina wannan ɓarna, ba ta jefe ni da cokali ba.

Kuma tana hira da tukwane. Na ji ta da kunnena tana ce wa murfi, "Kai ma ka fara?"

Juma'a, 13 ga Oktoba

Waya ɗaya ce a gidan nan, kuma ta Uwar Yon-ju ce, tunda ni ban da amfani da ita. Yarinyar shagon ta haɗa ta da waken kunnena, ta ce duk kiran da ya shigo kai tsaye zai faɗo mini a kunne. Ban yarda ba sai yau.

Yon-ju ta kira. Muryarta ba daga waya ta fito ba, daga cikina ta fito, kamar tana zaune a bayan idona. Na miƙe tsaye. Na ɗora wayar a kunne duk da ba a bukata, har da sunkuyawa ina gaisuwa. Ta ce, "Baba, daina ihu, ina jin ka." Muryar babbar mace ce. Ni muryar 'yar makaranta na ajiye mata duk shekarun nan.

Sai ta matso da jaririya. Da-on. Wata biyu da kwana shida. Ta yi wani ɗan ƙara kamar an taka ƙyanwa, sannan ta buɗe maƙogwaro. Kuka a cikin kaina, dama da hagu! Na ce kada a rarrashe ta tukuna. Yon-ju ta ce ni kaɗai ne kakan da ke roƙon a bar jikarsa ta yi ta kuka.

Rabin sa'a muka yi. A da uwar ce ke yin rabin sa'ar, sannan ta juyo ta ƙwala mini kalma uku a kunne. Yau tana zaune, hannuwa a cinya, tana kallon bakina.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Ruwan sama a kan rufin rumfa. Ban yi aikin komai ba.

Talata, 17 ga Oktoba

Mutanen ƙauye ba su saba ba. Na je shago sayen gishiri, Mal-sun tana zaune a ƙofa. Ita ce shugabar matan nutso, ƙawar Uwar Yon-ju tun suna 'yan shekara tara suna koyon ruwa. Ta yi mini murmushi mai kyau, ta ce wa mai shago, "Ga kututturen nan Bu ya fito, wandon nan nasa tun bikin aurensa."

Na ce wandon ƙanenta ne, shi ya ba ni.

Ta kusa faɗowa daga kujera. Ta ce wa ya ba kututture izinin yin kunne ba tare da an sanar da jama'a ba. Mun yi dariya har na yi tari. Amma da na juya zan tafi sai na ji shagon ya yi tsit, irin na mutanen da ke lissafin abin da suka taɓa faɗi a gabana.

Asabar, 21 ga Oktoba

An buɗe ruwa yau, lokacin dodon-koɗin teku ya kama. Na kai Uwar Yon-ju bakin dutse da tarakta kamar kullum, na zauna jiran ɗaukar raga. Mata goma sha huɗu, baƙar rigar roba, darma a kugu, kowa da gorarta mai launin lemo tana yawo a kan ruwa.

Iska ta dame ni da farko, kamar ana yaga zane a kunnena. Na ja hula na rufe. Sai na ji.

Fiton. Na manta da shi, na rantse na manta. In mace ta daɗe a ƙasa ta taso, takan saki numfashin da ta riƙe, ya fito da siririn sauti, hoo-ii. Daga nan, daga can, daga bayan dutse, ɗaya na sauka ɗaya na tashi, teku duka yana fito kamar kurmi da asuba. Da shi kowace ke sanin 'yar'uwarta ta taso da rai.

Da wannan fiton na fara sanin Uwar Yon-ju, kafin in san sunanta. Nata ya fi na kowa tsawo, yana lanƙwasa a ƙarshe. Ina saurayi nakan tsaya a kan jirgi in ware shi daga cikin talatin.

Na yi kuka a kan tarakta. Na ce wa mijin Mal-sun iska ce.

Litinin, 23 ga Oktoba

Kwana uku ina neman nata ban samu ba. Yau na bi gorarta da ido, na jira ta taso. Gajere ne. Yana yankewa a tsakiya, ya tsaya, sannan ragowar ta biyo da ƙyar. Bayansa tari.

Wataƙila waken ne ba su da kyau. Amma na sauran yana fita lafiya.

Na kuma lura gorar Mal-sun ba ta nisa da tata. Da can ba sa nutso wuri ɗaya, kowa da dutsenta da take ɓoye wa kowa.

Talata, 24 ga Oktoba



Da la'asar ina bayan katanga ina duba lemo, ita tana ɗaki. Waya ta yi ƙara a kunnena, kafin in motsa ta ɗauka daga ciki. Ta manta, ni ma na manta. Muryar ta zo mini, ita ba ta jin komai.

Nas ce ta asibitin ƙauye. Ba ta ko numfasa ba: "Inna, sau biyu ke nan ba ki zo awon zuciya ba. An ce mini an gan ki a ruwa mai zurfi. Likita ya gaya miki tun bazara, zuciyar nan tana tsallake bugu, in ta tsaya miki a ƙasa ba mai kai miki hannu."

Ta taga ina jin Uwar Yon-ju tana cewa, "Wa ke nan? Ba na ji." Sannan ta kashe, ta ce wa wayar ta lalace kamar mai ita.

Na tsaya riƙe da lemo ɗaya har rana ta sauka. Da cin abinci ta ƙara mini miya, na ce ta yi daɗi.

Laraba, 25 ga Oktoba

Ta tafi wanke kayan ruwa, na ɗauki wayar na nemi sunan Yon-ju harafi-harafi. Kiran farko da na taɓa yi da hannuna.

Ta faɗa mini duka. Tun watan huɗu. Ta yi roƙo, ta yi faɗa. Uwar ta ce shekara arba'in tana cikin manyan masu nutso, masu zuwa can nesa inda jonbok, wani babban dodon-koɗi mai tsada, ke manne da dutse, ba za ta koma ruwan tsofaffi ba, wancan ɗan wurin mara zurfi da ake bar wa waɗanda ƙarfinsu ya ƙare, tana tsintar ciyawa ruwa iya ƙirji. Kuma ta yi alkawari ita za ta ciro jonbok ɗin da za a dafa ranar da Da-on ta cika kwana ɗari.

Na tambaya wa da wa suka sani. Ta ce, "Kowa, Baba."

A gabana aka yi ta maganar. A shago, a bakin dutse, a kan tabarmata. Ina zaune ina murmushi ina gyaɗa kai.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Na kai ta ruwa. Ban san yadda ake hana ta ba, ban taɓa gwadawa ba.

Na zauna ina ƙirga. Ta nutse, in fara: ɗaya, biyu. Yawanci a hamsin take tasowa. Wajen tsakar rana ta nutse na kai hamsin, na kai sittin. Gorar tana rawa ita kaɗai. Saba'in. Fiton kowa ina ji, ban da ɗaya. Na ga Mal-sun ta saki gorarta ta bi ta. Tamanin da huɗu.

Suka taso tare. Ba fito, wani ƙara ne kamar an ja ƙofa mai tsatsa. Ta rungume gora ta daɗe. Sannan ta ɗaga hannu, jonbok ne kamar tafin hannuna, tana nuna wa mata.

A da nakan zauna a wurin nan in yi gyangyaɗi a rana. Na kai hannu zan cire waken. Ban cire ba.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Da safe muna tsakar gida muna ware dodon-koɗi, manya nan, ƙanana can. Na gaya mata wayar ba ta lalace ba. Na gaya mata abin da nas ta ce, kalma-kalma, don na haddace.

Ba ta ɗago ba. Ta ce ashe abin da aka saya mini ke nan, kunnen laɓe. Ta ce da ina kurma na fi daɗin zama.

Na ce ba nas ce ta fara gaya mini ba. Na ce, "Tsohuwa, fitonki ya karye. Tun Litinin na ji."

Hannunta ya tsaya.

"Me ka sani game da fitona?"

Na yi mata shi. Yadda yake a da, mai tsawo, da lanƙwasar ƙarshe. Bakina ba haƙora sosai, ya fito kamar butar shayi. Ba ta yi dariya ba.

Na ce, "Shekara ashirin ban ji shi ba. Kwana bakwai kacal na samu. Bai ishe ni ba."

Ta kwashe kwandon ƙananan ta shiga ciki. Yau ba ta je ruwa ba, ta ce gwiwa.

Litinin, 30 ga Oktoba

Ba ta yi mini magana. Tukwane ma ba ta yi musu. Ashe shiru iri-iri ne, wannan ban taɓa jin irinsa ba.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Mal-sun ta zo, suka rufe ƙofa. Na tafi can ƙarshen gonar lemo don kada a ce. Duk da haka na ji Mal-sun ta ɗaga murya sau ɗaya, tana cewa ita ma ta gaji da nutso da ido ɗaya a kan dutse, ɗaya a kan ƙawarta.

An sa jonbok ɗin a gidan ƙanƙara, an rubuta sunan Da-on a jikin ledar. Ni na rubuta. Ita ta miƙo mini alƙalami.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

An koma ruwa. Da muka kai mararraba ta dafa kafaɗata ta ce, "Hagu." Hagu ruwan tsofaffi ne. Na juya tarakta ban waiwaya ba.

Tsofaffi uku ne a wurin, ƙaramarsu ta ba ta shekara takwas. Suka matsa mata ba tare da sun dube ta ba, ɗaya ta ce ruwan yau da sanyi, shi ke nan. Can nesa gorunan manya suna ta tafiya. Ta tsaya tana kallonsu, gilashin nutso a goshi, har na ɗauka za ta fasa. Sannan ta tofa yawu a gilashin ta goge, ta shiga.

Ba gadinta nake yi ba. Dutsen wannan gefen ya fi daɗin zama, kuma iska ba ta dukan waken sosai. Ƙirgar ma ba da gangan nake yi ba. Ba ta wuce ashirin.

Ragarta na ɗauka da hannu ɗaya. Ciyawar miya ce da 'yan dodon-koɗi shida.

Muna hanya Yon-ju ta kira, na tsayar da tarakta. Da na gaya mata sai ta fashe da kuka, ta ce wannan ma bai isa ba, in ƙwace rigar robar in ƙone, in kawo ta Busan ta zauna a ɗaki mai ɗumi ta yi renon jika. Ta daɗe tana faɗa. Uwar tana bayana a kan buhu, gashinta yana ɗiga, tana ƙanshin teku, tana jira.

Ta ce, "Me yarinyar ta ce?"

Na ce Da-on ta fara riƙe kanta da kanta. Gaskiya ne, ta faɗi hakan ma, daga farko.

Gobe ruwa ƙarfe tara.