Kalmomi Uku da Haihuwar Malama

Assalamu alaikum Anti,

Don Allah ki taimake ni, kuma da sauri, domin saura kwana goma sha tara kacal. Ban taɓa rubuto wa jarida wasiƙa ba. Wannan ma ita ce ta huɗu, uku na yayyaga. Idan kin ga rubutuna yana tsalle ki yi haƙuri, ni ma tsallen nake yi.

An kira ni intabiyu! Anti, tsangayar koyon likitanci ta kira ni intabiyu! Shekarata goma sha takwas, bara na gama sakandare, yanzu ina shekarar share fage ta kimiyya a jami'a. Mu sama da ɗari huɗu muka nema, aka kira sittin, kuma wai har da ni. Saƙon ya shigo wayata ina tsakar wanke-wanke. Na karanta, na sake karantawa, na kai wa Umma ta karanta, sai daga baya na lura ashe da soso a hannuna nake ta rungumar mutane. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, ranar ihun da na yi har maƙwabta sai da suka leƙo. Tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya. Jiya gishiri na zuba a shayin Baba. Ya kurɓa, ya ajiye kofin a hankali, ya ce Allah ya sa ba haka zan riƙa auna wa marasa lafiya magani ba.

To amma akwai layi ɗaya a ƙarshen saƙon, kuma shi ne ya sa na rubuto miki. Sun ce kwamitin zai so ya ji ƙarin bayani a kan haihuwar 'yan biyun da na karɓa.

Anti, na karɓi haihuwar 'yan biyu, wannan gaskiya ne. Sai dai uwarsu akuya ce.

Bari in yi miki bayani daga farko. Kakata tana zaune tare da mu, kuma tana da akuya guda a bayan gida. Ina aji biyar na bar littafina na nazarin halittu a kan benci, akuyar nan ta cinye babin zuciya da jini gaba ɗaya, har da zanen da na kwana biyu ina yi. Ina kuka Baba yana dariya, ya ce tunda ta haɗiye ilimi haka, daga yau sunanta Malama. Sunan ya bi ta. A gidanmu ba mai cewa akuya. Ko maƙwabta in sun shigo, bayan sun gaida Kaka sai sun tambayi Malama.

Bara da rana tsaka, daga ni sai Kaka a gida, naƙuda ta kama Malama. Sama da awa guda tana yunƙuri ba abin da ya fito sai ƙafa ɗaya. Muka kira likitan dabbobi, ya ce yana wata gona mai nisa, ba zai iso kan lokaci ba, a samu mai ƙaramin hannu. Yatsun Kaka sun kumbura da sanyin ƙashi. Ta dubi hannuna, ni ma na dubi hannuna. Na yanke farce, na wanke da sabulu har gwiwar hannu, na shafa mai. Kaka ta kara min waya a kunne, shi kuma yana gaya min abin da zan laluba. Ɗaya ƙafar ce ta lanƙwashe baya. Ya ce in tura ɗan ciki kaɗan, in miƙo ƙafar, kuma kada in ja sai lokacin da uwar ta yi yunƙuri. Da ya fito ba ya numfashi. Na share masa hanci, na dinga murza shi da tawul, ina murzawa ina hawaye, Kaka tana ta addu'a. Sai ya yi atishawa. Anti, atishawar nan ce ta sa nake son likitanci. Na biyun kuwa da kansa ya fito, kamar an aike shi.

Da aka ce kowa ya rubuta dalilinsa na neman likitanci a fom, wannan labarin na rubuta. Sai dai an ƙayyade kalmomi ɗari uku, nawa kuwa ɗari huɗu da goma sha biyu ne. Ina zaune a shagon kwamfuta, ranar ce ta ƙarshe, mutane sun yi layi a bayana, mai shago yana ta duban agogo, akwatin ƙirgen kalmomi ya yi ja ya ƙi komawa kore. Na fara gogewa. Na goge harawa, na goge igiya, na goge inda ta lashe 'ya'yanta, na goge inda suka miƙe tsaye suna tangal-tangal. Saura kalmomi uku. Na ga inda na rubuta "Malama, akuyar kakata", na ce ai kowa ya san Malama, na goge biyu. Wallahi wannan ban yi tunanin komai ba.

Ta ukun ce ke damuna. Na ga "likitan dabbobi", na mayar da shi "likita". Ba zan ɓoye miki ba, a lokacin na ji a raina cewa haka ya fi daɗin karantawa. Akwatin ya koma kore, na danna, na tashi na ba na bayana wuri.

Sai da saƙonsu ya zo na koma na karanta abin da na tura. Ga yadda ya fara: "Na karɓi haihuwar Malama a bayan gidanmu, 'yan biyu, likita yana gaya min abin yi ta waya." Na zauna a ƙasa, ban san lokacin da dariya ta ƙwace min ba, daga nan kuma sai kuka.

Yanzu gidanmu ya rabu. Yayana, wanda ke karatun lauya, ya ce babu kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki, in tafi kawai in ba da labarin hannu da ƙafa da atishawa, kada in ce mutum kada in ce dabba. Har gwaji muka yi, ya sa gilashin Baba ya zama shugaban kwamiti. Tambaya biyu na tsallake. A ta uku ya ce yaya jikin mai jego yanzu, na ce lafiya lau, shekaranjiya ma ta tsinke igiya ta cinye wa Umma mayafi. Ya cire gilashin ya ce ba zai iya kare ni ba.

Umma ta ce in faɗi gaskiya kawai, abin da Allah ya rubuta shi zai faru. Kaka kuwa ba ta ga matsalar ba sam. Ta ce haihuwa haihuwa ce, kuma in suna musu ita za ta zo ta ba da shaida, in ya kama a tafi da Malama a tafi da ita. Ƙawata ta ce ta ji akwai babbar likitar mata a kwamitin, wadda ba ta dariya, kuma in suka gane za su ce na yaudare su, su cire sunana.

Ina murna, Anti, murnar da ban taɓa yi ba. Na goge kayan da zan sa sau biyu. Ina tafiya a titi ina murmushi ni kaɗai kamar wadda ta zare. Amma a tsakiyar murnar sai in tuna akwai wata ko wani da ya zo na sittin da ɗaya. Idan layin nan ne ya sa aka kira ni, to kujerarsa na hau. Makina suna da kyau, musamman a kimiyyar sinadarai, amma ban san wanne suka fi dubawa ba.

In faɗa musu? In zan faɗa, yanzu ko sai ranar? Kuma ta yaya mai kunya irina za ta buɗe baki gaban manyan likitoci ta ce akuya?

Taki,
Ungozomar Malama

*

Wa alaikumus salam 'yata Ungozoma,

Da farko dai barka, barka da arziki. Shiga cikin sittin daga ɗari huɗu ba ƙaramin abu ba ne. Na yi dariya da wasiƙarki har abokan aikina suka zo ganin ko lafiya, amma na ga damuwarki ta gaske ce, don haka ga amsata.

Ki faɗa musu, kuma kada ki jira ranar.

Yayanki yana da gaskiya ta wani gefen. Ba ki ƙirƙiri komai ba, hannunki ne ya shiga, ke kika miƙo ƙafar, kuma kalmomi biyun farko kuskure ne irin na wanda ya saba da suna har ya manta baƙo bai san shi ba. Sai dai yanzu kin san abin da suka fahimta. Idan kika yi shiru bayan kin sani, shirun ya zama naki. Kalma ta uku kuwa ke da kanki kin ce kin ji daɗin yadda ta fita. Na yaba da kika faɗa min, domin ba kowa zai faɗa ba. Aikin da kike nema aiki ne da za ki riƙa rubuta abin da ya faru a takardar mara lafiya, wani ya karanta bayan kin tashi, ya yi aiki da shi. A wannan aikin kalma ɗaya da aka bari a waje tana iya cutar da mutum. Gara ki koyi darasin yanzu a kan akuya.

Akwai kuma abin da ba ki lura da shi ba. Kina zaton labarin da suka fahimta ya fi kyau. Ni ban ga haka ba. Ki sa kanki a kujerar likitar nan da ba ta dariya. Yarinya 'yar sakandare, ba horo, ta sa hannu ta juya jariri a bayan gida, wani likita kuma ya ƙyale ta ta waya maimakon a garzaya asibiti. Wannan ba abin yabo ba ne a wurinta, abin tambaya ne. Ina kyautata zaton shi ya sa suke son ƙarin bayani. Akuyar da kike jin kunya ita ce za ta wanke ki.

Ga abin da za ki yi. Gobe ki tura saƙo zuwa adireshin da ya aiko miki da gayyata, layi uku ko huɗu, da lambar fom ɗinki. Ki ce wajen rage kalmomi kin cire bayanin da ke nuna cewa Malama akuya ce, likitan kuma na dabbobi ne, kina so kwamiti ya sani kafin ranar, kuma kina ba da haƙuri. Kada ki yi dogon roƙo. Ki buga kwafi ki tafi da shi, ko da saƙon bai isa hannunsu ba.

Batun kunya, maganinsa maimaici. Ki tsaya gaban Baba, tunda shi ya fi kowa dariya, ki ce "Malama akuyar kakata ce" sau goma kullum, har ranar da za ki faɗa muryarki ba ta rawa. Idan kwamitin ya yi dariya, ki bar su su gama, ba ke suke wa ba. Sannan ki ba da labarin yadda kika ba ni shi, da wanke hannu, da bin umarni, da jiran yunƙurin uwa, da atishawa. Kada ki ɗauki ra'ayin Kaka ki ce musu duk ɗaya ne. Ki ce kin san tazarar da ke tsakani, shi ya sa kika zo neman a koya miki. Sauran kwanakin ki yi bitar karatunki, ki shirya takardunki a jaka guda, ki isa da wuri, kuma duk tambayar da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba.

Game da na sittin da ɗaya, ba na cikin kwamitin, amma da wuya a kira mutum saboda layi ɗaya idan makinsa bai kai ba. Ko ma yaya ne, da zarar kin tura gyaran, hukunci ya koma hannunsu da cikakken sani. Ba zan yi miki alkawarin za su ɗauke ki ba. Zai yiwu wani a cikinsu ya ɗaure fuska. Amma idan suka bar ki a kujerar bayan sun ji gaskiya, taki ce, ki zauna a kai da duk nauyinki, ki yi murnarki ba tare da waiwaye ba.

Ki gaida Umma, ki ce na goyi bayanta. Ki ba Kaka haƙuri, shaidarta ta karɓu amma ta zauna a gida. Allah ya ba ki sa'a, ya sa hannun nan naki ya zama sanadin atishawar jarirai masu yawa. Takardar gayyatar kuma, in kin buga ta, ki ɗora ta can saman sif. Kin san halin mai jego.

Antinki