Na kai Baba dutse ranar Asabar

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya raya mana su. Mu nan kowa ƙalau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa a kan shara.

Kin ji an ba ni kula da masu ɗinki a kamfaninmu. Keken ɗinki arba'in ne a hannuna, Yaya, kuma ko allura ce ta karye ni ake nema. Wata huɗu ke nan ban san Asabar ba. Teburina yana jikin taga, daga nan ina hango dutsen da Baba yake kai mu muna yara. Wani lokaci ina cikin duba wuyan riga sai in tuna yadda kike cika aljihu da tsakuwa masu ƙyalli, ni kuma in yi ta kukan gajiya har Baba ya saɓa ni a kafaɗa.

Abin da ya sa na rubuto, idon Baba yana ƙara dushewa, likita kuma ya ce ba zai dawo ba. Tun da ya ji haka yake roƙona in raka shi dutsen, ni kuma kullum sai in ce mako mai zuwa. Da ya daina tambaya ne hankalina ya tashi. Na nemi hutun Asabar ɗaya, manaja ya ce sai mun gama kayan makaranta ɗari uku, ya kuma tuna mini cewa ba a tabbatar da ni a kujerar ba tukuna. Wata dattijuwa a cikin masu ɗinkin ta ji mu. Ta ce kada in damu, ita nata uban ya rasu tana bakin keke. Ita ta haɗa kan sauran, ko hutun rana ba su yi ba sai da muka gama ranar Juma'a.

Ranar Asabar muka tafi dutsen ni da Baba, amma ba mu kai sama ba. A wajen ɓauren nan na bakin ƙorama numfashinsa ya gaza, muka zauna. Ya cire takalmi ya tsoma ƙafa a ruwa, ya ce in faɗa masa abin da nake gani a ƙasa. Na yi ta lissafa masa rufin gidaje da gonaki, yana gyara mini sunayensu, yana dariya wai mai ido ce ba ta san garinsu ba. Can sai ya ce har yanzu yana gane fuska idan an matso kusa da shi, amma bai san zuwa yaushe ba. Bai ambaci sunanki ba, kin san halinsa. Ni dai nake cewa ki zo, Yaya, kada ki jira hutun yara. Na riga na gaya wa manaja Asabar ɗaya a wata tawa ce, kuma bai ce a'a ba.

Inna tana gaishe ki, haka Goggo da Kawu. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan Auta.

Taki ƙanwa,
Sarkin Kuka, kamar yadda kike kirana