Ba Za a Kashe Na'urata Ba

Baban 'yan biyu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da yara da Inna. Yaya ƙafar tata? A ce mata kada ta ajiye magani don ta ga sauƙi.

Ka yi fushi ban kira ran Talata ba. Ga dalili. Ka san na'urar da na kwashe shekara huɗu ina haɗawa, wadda aka ɗora wa tauraron ɗan'adam. Aikinta ƙirga ƙwayoyin lantarkin da maganaɗisun duniya ya tsare can sama, suka zagaye mu kamar ɗamara. To, ran Talata rana ta turo guguwa ta daki maganaɗisun. Ni da bakina na faɗa a gaban kowa cewa ɗamarar za ta cika ta batse. Cikin awa uku sai ƙirga ta faɗi warwas, kamar an bi sama da tsintsiya.

Shugaban sashenmu ya ce na'urar ce ta mutu, ran Juma'a za a kashe ta a ba wani gwajin wutarta. Na shiga banɗaki na sha kukana, na wanke fuska, na dawo na roƙi a bar ni in bincika. Ya ce, "Malama, taurin kanki ya fi ƙarfen na'urar." Na ce masa maigidana ya riga shi faɗa.

Ka yi mini addu'a. Ni dai ban yarda ta mutu ba.

Taka,
Uwar 'yan biyu


Baban 'yan biyu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Na ga hoton giɓin babbar 'yarmu. Ka ce wa ƙaramar ta daina girgiza haƙorinta, nata zai fita da kansa.

Akwai wani dattijo mai kula da rumbun bayananmu, kowa Kawu yake ce masa. Shi ya buɗe mini ƙirgar tsofaffin taurarin ɗan'adam, guguwa saba'in. Kwana biyu muna bi ɗaya bayan ɗaya, yana karantowa da tabarau a kan hanci, ina rubutawa a allo har alli ya ƙare. Ashe a wata guguwar ɗamarar cika take yi, a wata ta zube, a wata ko gezau. Har yau ba wanda zai iya faɗa tun kafin ta iso. Ran Alhamis da hantsi kuma ƙirgata ta fara hawa. Kawu ya ce, "Kira shugaba ya zo ya ga gawa tana numfashi."

Shugaba ya zo ya duba allon da kansa. Daga baya ya ƙara wa na'urar shekara guda.

Ina ƙwayoyin suka tafi? Sararin sama suka fantsama, ko iskar duniya suka zubo? Su ne ke ƙona taurarin da ke kawo muku hasashen ruwan sama, don haka sai na gano.

Saura mai wuyar faɗa. Na yi alkawarin dawowa ƙarshen zango, ba zan iya ba. Ka yafe mini, raina ma ba daɗi. Amma ba zan sake shekara ban ga yarana ba. Ku za ku zo, har da Inna. Na auna ɗakin da igiyar shanya: in na fitar da teburin karatu, katifa uku za su shiga. Tun jiya teburin yana waje.

Taka har kullum,
Uwar 'yan biyu