Zakir a Mota, Ni a Gindin Taya

Yaya Sidiku,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan Mma da yara suna lafiya, kasuwar Bawku kuma tana ci. Ni lafiya lau, gwiwoyina ma sun fara sabawa da zafin kwaltar filin tseren nan na Dubai.

Ka tuna Zakir na Yendi, wanda na koya wa facin taya a rumfarka? Yanzu shi ke gwada wa maigidanmu motar tsere, ni ina durƙushe ina auna iska. Da, taya ba ta kaiwa la'asar take suɗewa. Ni na ce masa, "Taka birki kafin kwana, ba a cikinta ba. In taya ta ɗau zafi, shigo in rage iska." Jiya maigida ya shafa tayar, ya ji da saura, ya rungume Zakir ya ce, "Hannunka akwai albarka." Zakir bai ko waiwaye ni ba. Na tafa tare da kowa.

Ba hassada nake ba, Yaya, Allah ya ƙara masa. Amma in hotonsa cikin motar ya iso wayar Mma, ka ɗora mata yatsa a kan tayar, ka ce aikin ɗanta ne.

Ƙaninka,
Yussif