Kububuwa a Aji Biyu

Unguwar Mainasara, ranar Laraba

Yaya Kalilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna, ya aikin kafinta? Direban motar garin Babban Mutum na ba takardar nan, ka san waya ba ta kamawa a nan.

Ajin da nake koyarwa ba benci ko ɗaya. Yara hamsin da uku a ƙasa suke zama, simintin ya farfashe, ɓeraye sun haƙa ramuka. Ni na ce kowa ya zo da buhun taki ya shimfiɗa, in an tashi mu tara su a lungu. Shekaranjiya da safe Rahama, 'yar shekara bakwai, ta je ɗauko nata, kububuwa ta sare ta a ƙafa. Kafin a samo mashin jini ya fara fita ta dasashinta. Tana asibiti. Da babanta Malam Ɗantsoho ya zo, bai ce mini uffan ba, kallona kawai ya yi.

Ni na tara buhunan nan. In yarinyar nan ta mutu ina zan sa kaina? Hedimasta ya rubuta wa ofis sau uku, shiru. Don Allah ko da guntayen katako ne ka haɗa mana benci.

Kar ka gaya wa Inna.

Ƙanwarka,
Ikilima

Daura, ranar Juma'a

Ikilima,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba yarinya lafiya. Inna ta riga ta ji a bakin direba, tun jiya ba ta ci abinci ba.

Tattaro kayanki ki dawo gida. Benci ba ya hana maciji shiga ɗaki. Kuma ni ba macijin ne ya fi tayar mini da hankali ba. Ke baƙuwa ce a garin nan, ba ki da kowa. In ta Allah ta kasance, ke za a nuna. Mutumin da ya yi shiru haka, wa ya san abin da ke ransa?

Ina jiran ki a motar Lahadi.

Yayanki,
Kalilu

Unguwar Mainasara, ranar Litinin

Yaya,

Barka da war haka, a gaida Inna. Ka yi haƙuri ban biyo motar ba. Na ɗaure kaya, sai na ga in na tafi za a ce guduwa na yi.

Yau ba yaron da ya zo. Ina tsaye a aji ni kaɗai da hantsi, na hango Malam Ɗantsoho da ƙannensa biyu, da gatari da diga. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Malama, fito." Na fara salati. Ya ce, "Fito mana, ƙasan za mu tone."

Sun tone. Sun kashe wasu macizan guda biyu, ɗaya a gindin allo, daidai inda nake tsayawa kullum.

Da suka gama ya ce jinin ya tsaya, amma likita bai ce komai ba tukuna a kan ƙafar. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Buhun nan ni na ba ta da hannuna, Malama. Shekara nawa muna ganin 'ya'yanmu a ƙasa?" Za su yi sabon daɓe, kuma ya sare darbejiyar ƙofar gidansa. Ya ce, "An ce yayanki kafinta ne."

Ban amsa masa ba, Yaya. Kai za ka amsa.

Ikilima

Unguwar Mainasara, bayan mako uku

Yaya,

Da fatan ka isa gida lafiya. Allah ya saka da alheri, benci tara ɗin nan sun zauna daram.

Yara sha tara ne suka dawo. An sallamo Rahama, an cire mata yatsu biyu, babanta ke goyo ta zuwa makaranta. Duk wanda ya zauna sai ya naɗe ƙafafunsa a kan benci. Hedimasta ya ce in hana su. Na kasa, don ni ma haka nake zama.

A gaida Inna.

Ikilima